Kalma Ɗaya a Ofishin Ustaz

Aikin kwamfuta ne ya kai ni Madina. Wani ƙaramin kamfani ya ɗauko ni daga Kano, irin kamfanonin nan da ke haɗa wa masu otal da masu motocin jigilar alhazai manhaja. Ba mu da yawa. Akwai mai kamfanin, Balarabe ɗan garin, mutum mai sanyin hali, da wani Bamisire da ke yawon neman ciniki, sai mu masu zama gaban kwamfuta. Matata da 'ya'yanmu mata biyu suna gida. Kullum muna cewa baɗi za su zo, har na baro garin ba su zo ba.

Abin da na fi alfahari da shi a zamana can shi ne wani ɓangare na manhajarmu da ni na gina shi da hannuna. Duk wanda ya zauna a tsakiyar Madina ya san yadda baƙi suke ɓata. Tsohuwa za ta shiga Harami ta wata ƙofa ta fito ta wata, ta ɗaga kai ta ga otal-otal duk kamarsu ɗaya, sai ta faɗa wanda ya fi kusa ta tsaya gaban teburin karɓar baƙi tana hawaye. Abin da na gina shi ne ma'aikacin otal ya rubuta sunanta sau ɗaya ya danna, manhajar ta leƙa rumbun bayanan masaukai, da na motoci, da na ayarin alhazai, da wani rumbun da na tara yadda ake rubuta suna ɗaya ta hanyoyi iri-iri, sannan ta fito masa da otal ɗinta da shugaban ayarinsu. Wani lokacin in na fito daga sallah na ga ma'aikacin otal yana raka wata dattijuwa yana nuna mata hanya, sai in ji daɗi a raina, ko da ban san ko aikina ne ya gano ta ba.

Muna cikin haka wani kamfani da ya fi mu girma ya kai mu ƙara. Suna da abin da ake kira bara'a, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro wani abu don kada kowa ya yi irinsa sai da izininsa. Suka ce binciken nan namu nasu ne. Lauyan da mai kamfani ya ɗauka ya zo ofis ya zaunar da ni, ya karanta min jimlar da duk shari'ar ta rataya a kanta. Jimlar ta ce sun mallaki hanyar tattaro bayanin mutum daga rumbuna daban-daban da istilam ɗaya. Istilam ita ce kalmar da masu aikinmu suke kiran tambayar da ake aika wa rumbun bayanai da Larabci.

Ya ce, "Naku istilam nawa yake aikawa?"

Na ce, "Huɗu. Kowane rumbu da nasa."

Ya yi murmushi ya rufe takardar. Ya kuma nuna min wani abu da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. A cikin bara'ar tasu, inda ake maganar abin da ma'aikaci yake rubutawa ya danna, ba istilam aka ce ba, ɗalab aka ce, wato buƙata. Tun da takardar da kanta ta raba biyun, in ji shi, ma'aikacinmu ɗalab ɗaya yake yi, manhajarmu kuma istilam huɗu take aikawa, ba mu taka musu komai ba. Saura abu ɗaya. Asalin ƙirƙirar a wata ƙasa aka fara rubuta ta da Turanci, kuma gwanin da kotu ta naɗa ya duba lamarin ya nemi a kawo masa asalin tare da fassara mai hatimi. Lauyan ya zaɓi wani ofishin fassara, aka ce in riƙa zuwa ina zama da mai fassarar don in warware masa kalmomin sana'a.

Ofishin yana saman wani shagon dabino, sai ka bi wani matsattsen bene da ƙamshin dabino ya kama bangonsa. Na tarar da wani dattijo dogo baƙi, cikin farar jallabiya, tabarau a rataye a wuyansa da igiya. Kowa Ustaz yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Muka gaisa da Larabci, muka fara aiki da Larabci. Na ga launin fatarsa, amma a Madina ba a gane asalin mutum da wannan, ban kuma tambaya ba. Can wayata ta yi ƙara, matata ce, tana gaya min ƙaramar 'yarmu ta ƙi zuwa makaranta sai an sake mata kitso. Na yi ƙasa da murya na ce a rabu da ita, gobe ta tafi. Ina ajiye wayar na ga ya cire tabarau yana kallona.

Ya ce, "Kai ɗan wane gari ne?"

Da Hausa ya faɗa. Hausa ce mai nauyi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma Hausa ce sak.

Na ce, "Kano, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ranka ya daɗe! Wallahi rabona da jin wannan tun babana yana da rai. Ni ma Bahaushe ne, ya waladi, amma ban taɓa ganin ƙasar ba."

Ya leƙa ta taga ya kira mai shayi. Ranar ba mu ƙara fassara ko layi ɗaya ba.

Daga nan bayan la'asar ya zama lokacinmu. Ina tashi daga ofis in tako da ƙafa, in ratsa ta cikin alhazai masu cinikin darduma da carbi, in hau benen. Kafin in zauna an kawo shayi da na'ana'ar Madina, wadda har yau ban sami mai ƙamshinta ba. Ustaz yana da wata ɗabi'a: ba ya fassara jimlar da bai fahimta ba, ko da ya san kowace kalma da ke cikinta. In na yi masa bayani da Larabci ya ga ya shige masa duhu, in na koma Turanci ya ƙara cakuɗewa, sai ya jingina da kujera ya ce, "Faɗa min da Hausa." Da farko na ɗauka marmarin jin harshen ne kawai yake yi. Daga baya na gane a Hausa ba ni da manyan kalmomin da zan ɓuya a bayansu, dole in faɗi abin yadda yake.

Na tuna ranar da na yi masa bayanin bincikenmu. Na ce, "Ustaz, kamar ka kira wani ne ka ce ya je ya nemo maka wane a kasuwa. Ya je layin masu dabino ya tambaya, ya je na masu turare ya tambaya, ya leƙa tashar mota, ya leƙa masallaci, sannan ya dawo ya ce maka ga inda yake."

Ya ce, "Ɗayyib. Ni tambaya nawa na yi?"

"Ɗaya."

"Shi fa?"

"Huɗu."

"To a kan tawa ake shari'a ko a kan tasa?"

Na ce ai abin da lauyoyi suke ja a kai ke nan. Ya girgiza kai ya ce manyan mutane da manyan motoci, suna rigima a kan wa ya yi tambaya. Muka yi dariya. A lokacin abin dariya ne a wurina, don na tabbata gaskiya tana wajenmu.

Ba a daɗe ba ya fara ɗaukata a motarsa ranar Juma'a zuwa gidansu a Harra ta Gabas. Gida ne tsoho a cikin lungu, ƙasan katangarsa na baƙin dutsen nan da ya cika unguwar, mota ba ta kaiwa ƙofa sai a ajiye ta a bakin titi a ƙarasa da ƙafa. Matarsa ta rasu tun kafin in san shi. Yayarsa ce ke riƙe da gidan, tsohuwa ƙarama mai kaifin baki. Shi yana ce mata Yaya, ni ina ce mata Inna. Ranar farko ta bayan labule ta amsa gaisuwata, ta tambayi sunan unguwarmu da sana'ar mahaifina da ko uwata tana da rai. Da ta gamsu ta ce, "Wannan ɗa ne," ta fito ta zauna. Hausarta ta fi tasa gudu, da kalmomin da rabona da su tun kakata, a gauraye da na Sudan da na Chadi da iyayensu suka tsinto a hanya.

Kakansu ne ya taso da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya yi noma a Chadi, ya yi a Sudan, a can aka haifi babansu, sannan suka tsallako teku zuwa nan. Abin da Ustaz ya sani game da ƙauyen bai wuce sunansa ba, da cewa akwai wata tsamiya a bakin rijiya. 'Ya'yansa maza sukan zo cin abincin Juma'a da iyalansu. In na gaishe su da Hausa suna ji sarai, sai su amsa da Larabci suna murmushi. Shi bai taɓa yi musu faɗa a kan haka ba a gabana. Sai dai in sun tashi ya matso kusa da ni da tambayoyinsa.

"Da gaske ne in ruwan farko ya sauka ƙasa tana ƙamshi har cikin ɗaki?"

"Da gaske ne, Ustaz."

"Kuma ruwa yana iya wuni yana zuba?"

"A watan Agusta har ya kwana."

Sai ya kaɗa kai. Ya ce in ya ajiye aiki zai zo, ni zan kai shi, mu nemi ƙauyen ko da tsamiyar ta faɗi. Na ce masa ɗakin baƙi yana nan a gidanmu. Inna ta ce ita kam ba inda za ta, a Madina aka binne uwarta da ubanta, amma mu taho mata da daddawa ta gaske, ba irin wadda alhazai ke kawowa ta sha iska ba.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai yi zaman baƙunta ba abin da gidan nan ya zama a wurina. Kafin in san su, Juma'ata daga masallaci sai ɗaki, in ci shinkafar gidan abinci a cikin roba in kira gida. Yanzu ga ni zaune a ƙasa, ana miƙo min tuwo da miyar kuka, tsohuwa tana min faɗa wai na rame. A cikin makonnin nan har na fara tunanin in an gama shari'a zan dage in kawo iyalina, in nemi haya kusa da su, 'ya'yana su riƙa shiga wurin Inna.

Wata la'asar na hau benen na tarar shayi ya riga ni zuwa har ya huce. Ustaz bai yi min barkwancin da ya saba ba. Ya juyo da takardar Turancin wajena, ya ɗora yatsa a wani sakin layi can tsakiya, inda ake bayanin yadda ma'aikaci zai zauna ya rubuta suna.

Ya ce, "Karanta nan."

Na karanta.

Ya buɗe shafin ƙarshe, inda jimlar da ake shari'a a kanta take. "Karanta nan kuma."

Kalma ɗaya ce a wuraren biyu. Wanda ya rubuta asalin da Turanci, da kalmar da ya kira abin da ma'aikaci ke rubutawa, da ita ya kira abin da ake aika wa rumbu. Wanda ya mayar musu da ita Larabci tun farko shi ne ya raba ta biyu, ya ce ɗalab a nan, istilam a can. Ustaz ya ce ba ya jin da wata manufa ya yi, su masu Larabci ba sa son maimaita kalma, sai su sauya ta don jimla ta yi daɗi. Amma in aka mayar da ita kalma ɗaya, to istilam ɗayan da suke iƙirari zai iya zama danna ɗayan nan da ma'aikacinmu yake yi.

Na ce, "Lauya ya sani?"

"Na kira shi da safe. Yana hanya."

Lauyan ya zo, ya duba wuraren biyu, ya daɗe yana shafa gemu. Ba mugun mutum ba ne, aikinsa yake yi. Ya ce ai nassin Larabcin da hukuma ta amince da shi yana nan, me zai hana Ustaz ya bi kalmominsa, ɗalab inda aka ce ɗalab, istilam inda aka ce istilam? Ba ƙarya aka yi ba, an dai daidaita fassara da abin da ke rubuce ne.

Ustaz ya amsa masa da Larabci, a hankali. Ya ce shi Turanci aka ba shi, kuma gwanin kotu ya nemi fassarar ne don ya ga abin da Turancin ya ce. In marubuci ya yi amfani da kalma ɗaya, shi ma ɗaya zai sa. Abin da zai iya shi ne ya ƙara bayani a ƙasan shafi, in gaskiya ne kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu a wurin masu sana'ar. Sai ya juyo gare ni ya koma Hausa.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, tana ɗauka?"

Na ce, "Tana ɗauka. Mu masu gina manhaja in mun faɗe ta, abin da ake aika wa rumbu muke nufi. Amma ana faɗinta a kan abin da mutum ya rubuta ma."

Ya ce, "To haka zan rubuta, duka biyun."

Ya rubuta bayanin a gabanmu, ya karanta min, na gyara masa kalma guda, ya buga hatimi. Lauyan ya karɓa ya yi sallama ya sauka.

Muka rage mu biyu. Ustaz ya san igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, ya san binciken nan shi ne dalilin zamana a garin. Ni ma na san ya sani. Da aka kusa magariba ya ce mu tafi Harami da ƙafa. A hanya ya kama hannuna ya riƙe, yadda dattawan can suke yi, muna tafe cikin cunkoso, masu keken guragu suna neman hanya, tattabaru suna tashi a gabanmu. Sai da muka shiga farfajiya ya ce, bai kalle ni ba, "Tun jiya nake juya ta, ko zan sami wata hanya. Ban samu ba."

Na ce, "Na sani, Ustaz."

Iyakar abin da muka ce a kan maganar ke nan, ranar da kuma bayanta.

Shari'ar ta ci gaba wata da watanni. Yawancin zaman ta allo ake yi, muna ofis, alƙali yana nasa wurin, lauyoyin ɗaya ɓangaren suna wani gari. An kira ni sau ɗaya na yi bayanin yadda manhajarmu take aika tambayoyinta, gwanin kotu ya saurare ni da kyau, ya yi min tambayoyi masu ma'ana. Lauyanmu ya riƙe bayanin nan na ƙasan shafi ya yi ta jan magana da shi, ya kuma dage cewa nassin Larabci shi ne abin dogaro. Da rahoton gwanin ya fito, ya ce kalmar a wurin masu sana'a tana da fuska biyu, amma a cikin wannan takarda marubucinta ya nuna da kansa cewa abin da ma'aikaci ya rubuta ma yana ciki. Ba a kai ga hukunci ba. Mai kamfani ya ga ba zai iya doguwar shari'a da waɗanda suka fi shi ƙarfi ba, aka yi sulhu. Muka cire bincikenmu, aka sa nasu a madadinsa.

Ni na cire shi da hannuna, don ba wanda ya san inda jijiyoyinsa suke kamar ni. Aikin bai ɗauke ni lokaci ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Duk tsawon wannan lokaci ban fasa zuwa Harra ta Gabas ranar Juma'a ba. Aikin fassara ya ƙare, amma in na taso da la'asar ƙafata takan kai ni benen nan, in zauna yana fassara takardun aure da na makaranta na wasu mutane, ni ina shan shayi. Inna ba ta san kan shari'ar ba, ta dai ji an ce wata kalma ce ta jawo. Ta ce wa ƙanenta, "Kai da kalmominka, tun kana yaro haka kake." Ya sunkuyar da kai kamar ba dattijo mai jikoki ba.

Mai kamfani ya kira ni ya gaya min da bakinsa cewa ba zai iya sabunta min kwantiragi ba, idonsa ya yi ja yana faɗa. Ya ba ni lokaci in nemi wani wurin da zai karɓe ni. Ustaz ya shiga nema kamar shi za a kora. Ya kira tsofaffin abokansa, ya kai ni wurin wani mai otal, ya sa babban ɗansa ya tambaya a wurin aikinsu. Kowa sai ya ce in sha Allahu, a dawo bayan aikin Hajji. Lokacin ya ƙare kafin in sha Allahun kowa ta iso.

Shi ya ba ni shawarar kada in tashi daga Madina kai tsaye. Ya ce in yi Umra tukuna, in wuce Jidda daga Makka in hau jirgi. Na je na yi sallama da Inna. Ta ba ni dabino a ƙulle cikin wani tsohon mayafi, ta ce na matata ne, ba nawa ba. Ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo, rabi Hausa rabi Larabci, sannan ta ce in tafi kafin in sa ta kuka, ta shige ɗaki.

Da hantsi Ustaz ya kai ni Bi'ir Ali a motarsa, inda masu tafiya Umra daga Madina suke ɗaukar harami. Wurin cike yake da manyan motoci, kowace da injinta a kunne, mutane suna ta fitowa daga wanka cikin fararen mayafai, shugabannin ayari suna ɗaga tuta suna kiran nasu. Na yi wanka na ɗaura harami na yi sallah. Da na fito na same shi tsaye a inuwa riƙe da jakata, ya ƙi bari in karɓa har bakin mota. Ya gyara min mayafin kafaɗa, ya ce na ɗaura shi kamar baƙo.

Na ce, "Ai baƙon ne."

Ya ce, "A'a." Ya tsaya yana neman kalma, ga alama ta Hausa yake so, ba ta zo masa ba. Sai ya rungume ni ya ce, "Fi amanillah, ya waladi. Ka gaida ƙasa."

Motar ta tashi, mutane suka ɗauki talbiya, ni ma na ɗauka. Ta taga na ga ya juya yana neman inda ya ajiye motarsa, yana dafa wata yana duba wata.

Yanzu ina Kano, ina aiki a wani wuri da ba ruwansa da alhazai. 'Ya'yana sun girma a gabana, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, na gode wa Allah. Amma akwai la'asar ɗin da in na taso daga aiki sai in rasa inda zan nufa, in tsaya a bakin titi kamar akwai wani wuri da ake jirana. Mutane in sun ji na zauna a Madina sai su ce na yi kewar Harami, in ce ƙwarai, kuma gaskiya ne. Abin da ba na iya yi musu bayani shi ne kewar wani ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara, inda na yi watanni ina gardamar ma'anar kalma da mutumin da fassararsa ta taimaka wajen mayar da ni gida. Na sha zama in auna ko da ya bi shawarar lauya da yanzu ina can. Wataƙila, wataƙila kuma gwanin da kansa zai gano. Ban taɓa jin haushinsa ba. Da ya yi yadda aka so, ban san ko zan ci gaba da hawa benen nan da irin zuciyar da nake hawa ba.

Muna aika wa juna saƙon murya. A ciki ya gaya min rasuwar Inna, da Larabci, don ya ce ba zai iya faɗinta da Hausa ba. A ciki ya gaya min idonsa ya yi rauni, ya rufe ofis. Maganar zuwansa ta koma in likita ya yarda. Saƙonnin sun ragu, nawa ma sun ragu, ba don komai ba sai don abin da nake son faɗa ba ya shiga waya.

Bara wani maƙwabcina zai tafi Umra. Na shiga kasuwa na zaɓa wa Ustaz hula mai kyau, aikin hannu, ruwan toka da zare fari. Mai hular ya tambaye ni lambar kan mai ita, na tsaya ina tunani, ban taɓa ganin kansa babu ƙyalle ba. Na ɗauki wadda ta ɗan fi tawa girma. Na kwatanta wa maƙwabcin unguwar, na ba shi lambar babban ɗan. Da ya dawo ya zo min da ruwan zamzam da haƙuri. Ya ce kwanakinsu a Madina kaɗan ne, shugaban ayari bai bar kowa ya yi nisa ba, ya kira lambar sau ɗaya ba a ɗauka ba. Ya miƙo min hular a cikin ledarta. Matata ta ce in aika ta hannun wani, ko ta masu kai saƙo. Na ce ta ajiye min ita a saman durowa tukuna, ina so in gani da idona ko ta yi masa daidai.